Alli Ya Ƙi Kumfa: Kundin Aikin Kulob ɗin Kimiyya Kan Ruwan Sama Mai Cin Dutse

Laraba, 25 ga Satumba 2024

Yau muka buɗe kulob ɗin kimiyya na bana. Yara 31 suka ba da suna, yawancinsu 'yan katiriyem, wato shekara ta uku a koleji. Na san kafin hunturu ya kankama rabinsu za su zame. Ranar Laraba da yamma ƙwallo na kira, talla ma na kira.

Aikin da na zaɓa mana shi ne ruwan sama mai asid da yadda yake cin gine-ginen tarihi na dutse. Ina furta kalmar asid sai aji ya kaure. A nan Garwa, a arewacin Kamaru, in ka ce asid, ruwan batir mutum zai kawo a ransa. Wani yaro da babansa ke cajin batir a bakin kasuwa ya ɗaga hannu, ya ce, "Malam, kenan in ya sauka a kanmu fata za ta saɓule?" Na ce masa ya faɗi rabin gaskiya. Asid ɗin da ke cikin batir, wanda ake kira salfurik, shi ne babba a cikin wannan ruwan saman, sai dai a can ruwa ya tsarma shi ƙwarai, ko wanka ka yi da shi ba za ka ji komai ba. Dutse ne ke jin jiki, don shi ba ya shiga ɗaki in hadari ya taso, shekara ɗari yana tsaye ana jiƙa shi.

Darasi da Faransanci muke yi, gardama kuwa da Hausa da Fulatanci. A tsakaninmu mun tsaya a kan "ruwan sama mai tsami". Na ce kowa ya zo da kwalbar mayonis wankakkiya, kuma a girka roba a tsakar gida a tari ruwa, ba a ƙarƙashin indararo ba. Damina na bankwana.

Laraba, 2 ga Oktoba

Ba mu da takardar gwajin tsami. Ɗakin gwaje-gwajenmu suna ne kawai: kabad ɗaya, da kwalaben da rubutun jikinsu ya goge tun kafin a turo ni nan. Don haka na sayo zoɓo na sefa 200, wanda nan aka fi sani da folere, muka jiƙa shi a ruwan zafi, muka yayyanka farar takarda siri-siri muka tsoma, muka shanya a kan taga.

Da suka bushe na jera kofuna: lemun tsami, tsamiya, ruwan khal, ruwan famfo, ruwan toka, ruwan kanwa. A lemun tsami takardar ta yi ja jawur. A ruwan famfo ta ɗan dusashe. Da aka ɗiga mata kanwa sai ta juye kore, nan take, a gaban idonsu. Wasu har da salati.

Wata yarinya mai zama a layin baya, wadda tun buɗe makaranta ban ji muryarta ba, ta ce, "Malam, ai Innarmu tana sa kanwa a miyar yakuwa in tsami ya yi yawa." Na ajiye alli na sa ta maimaita da ƙarfi. Abin da nake shirin ɓata rabin awa ina zanawa a allo ke nan: tsami da kishiyarsa in sun haɗu suna kashe juna. Na ce su riƙe maganar miyar nan, za mu dawo kanta.

Sannan na zana musu ma'aunin pH, daga 0 zuwa 14. Bakwai ne tsakiya, nan tsarkakakken ruwa yake. Lemun tsami wajen 2. Abin da ya ɗaure musu kai shi ne ruwan sama mai tsabta ma ba 7 ba ne, wajen 5.6 yake, saboda yana haɗuwa da iskar kabon da ke sararin sama tun kafin ya iso ƙasa. Wanda ake kira mai asid yakan sauko wajen 4.2 zuwa 4.4. Suka ce ai bambancin kaɗan ne. Ba kaɗan ba ne: kowane taki ɗaya a ma'aunin ninki goma ne, don haka ruwa mai 4.3 ya fi mai 5.6 tsami kusan sau 20.

Laraba, 9 ga Oktoba

An kawo ruwan sama kwalba tara. Uku na watsar, na indararo ne, har da tsatsar kwano da kashin tantabara. Sauran shida takardar zoɓo ta ba mu launi ɗaya da na ruwan famfo. Zoɓo na raba tsami da kanwa, amma idonsa bai kai ya raba 5 da 6 ba. Wani abokina da ke aiki a ɗakin gwaje-gwaje a Ngaundere ya yi alkawarin aiko mini da takardar gaske. Ajiye ruwan a jira ta ba shi da amfani, tsaminsa na sauyawa in ya kwana biyu a kwalba. Daminar bana ta kuɓuce mana.

Laraba, 23 ga Oktoba

Yau na sha kunya.

Duk inda ka duba yadda ake koyar da wannan darasi, abu ɗaya ake cewa: jefa alli a ruwan khal, yara su ga yana kumfa yana narkewa, ka ce musu haka gini ke yi. Ban gwada a gida ba, na ɗauka abin a bayyane yake. Na tara su, na yi dogon sharhi, na jefa alli a kwalba. Shiru. Ya nutse, ya jiƙe, ya kwanta abinsa. Muka yi minti biyar muna kallon kwalba kamar masu jiran wata. Wani daga baya ya ce, "Malam, ko khal ɗin na jabu ne?"

Allah ya taimake ni na zo da ɓawon ƙwai da katantanwa. Ina jefa ɓawon sai ƙananan kumfa suka lulluɓe shi, yana tasowa yana komawa. Katantanwa ma haka. Khal dai lafiyarsa lau. Allin ne ba irin wanda ake nufi ba. Alli iri biyu ne: akwai na kalsiyam kabonet, sinadarin da ke cikin ɓawon ƙwai da dutsen farar ƙasa da mabul (dutsen nan mai sheƙi da ake ƙawata gini da shi), shi ne asid ke ci yana fitar da iskar kabon, akwai kuma na jipsum, irin abin da ake ɗaurin karaya da shi a asibiti, wanda khal ba ya sa shi kumfa. Namu na jipsum ne. Na faɗa musu laifina ne, ban gwada ba na zo ina cika baki. Na lura daga nan suka fi sakin jiki da tambaya.

Na ce mabul ban ce marmara ba da gangan. Wasu na fassara shi haka, amma marmara a wurinmu jan dutsen nan ne mai rarake da ake haƙowa a rijiya, kuma khal ba ya yi masa komai. Mun gwada.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Ranar labari. Na fara da Manchesta ta Ingila, garin masaƙu da hayaƙin kwal. A can wani masanin sinadarai ɗan Sikotilan, Robert Angus Smith, ya auna ruwan sama tun 1852 ya ga na cikin gari ya fi na ƙauye tsami, kuma shi ya raɗa wa abin suna a 1872. Kwal na ɗauke da farar wuta. In an ƙona shi, hayaƙin farar wutar ya hau sama ya haɗu da iska da danshi ya zama asid salfurik. Injin mota da na masana'anta kuma na fitar da hayaƙin naitirojin, shi ke zama asid naitirik. Da Turawa suka ga hayaƙi ya dame su sai suka ƙara wa bututun masana'antu tsawo, iska ta kwashe ta kai wa maƙwabta. Tafkunan Suwidin da Nowe suka yi tsami, kifi ya ƙare a wasunsu, saboda kwal ɗin da aka ƙona a Ingila da Jamus. Har sai da ƙasashen suka rattaba hannu kan yarjejeniya a Janeba a 1979. Yaran sun gane wannan sarai, kowa ya san maƙwabcin da ke juya indararonsa cikin gidan wani.

Hotuna a wayata na nuna, tana zagayawa hannu-hannu, gabana na faɗuwa. Na nuna Taj Mahal na Agra a Indiya, wanda sarki Shah Jahan ya fara ginawa a 1632 a kan kabarin matarsa Mumtaz Mahal, da farin mabul na Makrana. Na ba su labarin matatar mai ta Mathura da ba ta wuce kilomita 50 daga wurin ba, da lauya M. C. Mehta da ya kai ƙara, da hukuncin kotun ƙolin Indiya na Disamba 1996 da ya ce masana'antu 292 su bar kwal su koma gas ko su tashi. Sai Atina ta Girka: ginshiƙai shida da aka sassaƙa da siffar mata a wani tsohon gini a kan tudun Akropolis. Ɗaya tun farkon ƙarni na 19 aka kai ta Landan. Biyar da suka rage hayaƙin gari ya yi ta cin fuskokinsu, sai a 1979 aka shigar da su gidan tarihi aka kafa kwafi a gurbinsu.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Shugaban makaranta ya aiko a kira ni. Na tarar da wani dattijo zaune, mahaifin ɗaya daga cikin 'yan matan kulob. Bayan gaisuwa ya ce, "Malam, an ce mini gumaka kake nuna wa yara." Na ce, "Alhaji, Allah ya ba ka haƙuri, dutsen muke karantawa, ba abin da aka sassaƙa ba." Na buɗe masa hoton Taj Mahal, na matso da rubutun da ke kewaye da ƙofofinsa, na ce wannan Suratu Yasin ce, a babbar ƙofar shiga kuma Suratul Fajri. Ya sa tabarau ya duba da kyau, ya ce rubutu ya yi kyau, amma gini a kan kabari ma ai da magana. Na ce wannan sai malamai.

Da na yi masa bayanin hayaƙi da ruwan sama sai hira ta juya. Ashe ya yi shekaru yana kai shanu Fatakwal. Ya ce ya ga wutar gas da ake ƙonawa dare da rana a yankin mai, kuma mutanen can sun sha gaya masa kwanon rufinsu ba ya daɗewa. Ya tambaye ni ko shi ne wannan. Na ce irinsa ne. Ya tashi yana cewa yarinya ta ci gaba da zuwa, amma a rage hotunan matan dutsen nan. Na rage.

Laraba, 27 ga Nuwamba

Kallon kumfa ba awo ba ne, sikeli muke so. Na je wurin wani tsohon maƙerin zinariya a unguwarmu na roƙi aron ƙaramin sikelinsa mai batir, wanda ke auna har kashi ɗaya cikin ɗari na giram. Ya ce, "Yaro, asid za ka koya musu? Mu da shi muke gane zinariya." Ya ciro baƙin dutsensa ya goga zobe, ya ɗiga ruwan gwaji a kan zanen, ya nuna mini yadda na jabu ke ɓacewa na gaske ya tsaya. Ya ba ni sikelin bisa sharaɗin kowace Laraba ya kwana a shagonsa. Na ce, "Baba, na ɗauka."

Malamin labarin ƙasa ne ya kawo mana ɓarɓashin mabul daga Figil, inda ake fasa shi don siminti da farar ƙasa. Muka haɗa da dutse mai tauri da ake kira giranit, da gutsuren bulo na siminti, da ɓallin tubalin laka. Kowanne biyu: ɗaya a khal, ɗaya a ruwan famfo. An auna, an rubuta, an rufe.

Laraba, 4 ga Disamba

Mabul na cikin khal ya sauko daga giram 18.40 zuwa 15.35, gefunansa masu kaifi sun yi sulɓi kamar sabulun da aka yi wanka da shi. Giranit bai motsa ba. Bulon siminti ya yi laushi a sama, yashi na zubowa. Tubalin laka kuwa ya narke a duka kwalaben biyu, bai jira wani asid ba, abin da duk mai gidan ƙasa ya sani.

Rukuni na uku suka zo da murna wai dutsensu na ruwan famfo ya ƙara nauyi. Jiƙaƙƙe suka ɗora shi. Mun kafa doka: kwana biyu a rana kafin awo.

Na ja musu kunne cewa khal ya fi ruwan sama mafi muni tsami nesa ba kusa ba. Abin da muka gani a mako ɗaya gajarta lokaci muka yi. Yara 19 suka rage a kulob.

Laraba, 15 ga Janairu 2025

Akwai abin da khal ba zai nuna ba, shi ya sa yau na zo da ruwan batir kaɗan, daga shagon baban yaron nan, na tsarma shi da ruwa tun a gida. Ni kaɗai na taɓa, da safar hannu, su kuma taku uku baya. Na jefa mabul. Ya yi kumfa da ƙarfi, can sai kumfar ta ragu, ta tsaya, alhali asid na nan dutse na nan. Na tsamo shi da cokali na ɗauraye. Wani farin ɓawo ya rufe shi, mai kankaruwa da farce.

Na tambaye su mene ne wannan. Ba wanda ya sani. Na ɗauko alli daga aljihu na ajiye kusa da shi. Abu ɗaya ne. Asid salfurik in ya ci mabul jipsum yake mayar da fatarsa, wato allin nan da ya kunyata ni a Oktoba. Illar ita ce jipsum ya fi mabul saurin narkewa a ruwa kusan sau ɗari. Inda ruwa ke dukan gini, sai ya wanke ɓawon, sabuwar fata ta fito, a sake ci. Haka hanci da yatsu da rubutu ke shafewa. Inda ruwa ba ya kaiwa, ƙarƙashin baranda da cikin lungu, ɓawon na zama ya kama toka da baƙin hayaƙi ya yi baƙi ƙirin, daga baya ya kumbura ya ɓamɓare da naman dutse a jikinsa. Da muka koma kan hotunan tsofaffin majami'un Turai sai su da kansu suka riƙa nuna mini: nan fari inda ruwa ke bi, nan baƙi inda yake fakewa.

Laraba, 22 ga Janairu

Takardar gwaji ta iso a hannun wani direban mota, wata uku bayan alkawari. Ta zo daidai lokacin da hazo ya rufe gari, ko gadar Binuwai ba a hange sosai.

Ƙurar nan daga Cadi take. Akwai wani kwari a arewacin ƙasar da ake kira Bodele, busasshen gindin tsohon babban tafkin Cadi, inda iska ke matsowa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi ta kwashi farar ƙura, har wata ta tsallaka teku ta sauka a dajin Amazon. Na sa yara suka share ƙurar da ta taru a kan tagogin aji da gashin kaza, muka samu kusan rabin kofin shayi. Muka ɗiga khal kaɗan a ruwa har takarda ta nuna 4, kamar ruwan sama mai asid. Muka zuba ƙura, muka girgiza, muka bari ta kwanta. Takarda ta nuna 6.

Ban ce komai ba, na juya wurin yarinyar layin baya. Ta yi murmushi ta ce, "Kanwa ce." Ƙurar hamada na ɗauke da sinadaran da ke kashe tsami, kuma masu bincike da suka daɗe suna auna ruwan sama a Banizumbu ta Nijar da Zowetele a kudancin Kamaru sun samu na yankin ƙura bai kai na yankin kurmi tsami ba. Ƙurar da ke sa mu tari da tsagewar leɓe ita ke sa wa ruwan samanmu kanwa.

Wannan ya jefa ni tunani. Wata huɗu ina tsorata yara da ciwon da wataƙila ba namu ba ne.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Gyara na biyu. A Nuwamba na ce musu ruwan asid ne ya sa Taj Mahal ya koma rawaya. Na ƙara karatu na ga wani bincike da masana daga Amurka da Indiya suka fitar a ƙarshen 2014 ya nuna ƙura da baƙin hayaƙin ƙona shara da kashin shanu da man mota ne ke manne wa dutsen suna sauya masa launi. Cin dutse daban, dafewa daban. Har laka ake shafa wa ginin a bari ta bushe a wanke, ta tafi da dauɗar. 'Yan matan suka ce ai dilka ke nan.

Sauran lokacin shirin makon matasa ya cinye. Ranar 11 ga wata za mu baje kwalabenmu a farfajiya. Na san takardar zoɓo ce za ta ja mutane.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Tun Disamba wani yaro ya tambaye ni, "Malam, mu ina namu gine-ginen dutse?" Na ambaci ganuwar fadar Rai Buba, ya ce ai ta ƙasa ce. Na ambaci Diy-Gid-Biy a duwatsun Mandara, tsofaffin gine-ginen da aka jera dutse kan dutse ba laka ba siminti, amma wannan giranit ne, mun ga khal bai taɓa shi ba. Malamin labarin ƙasa ne ya ce, "Ga Bidzar a bayan gidanku kuna zuwa Indiya?"

Yau muka je. Takardar izini ta ci mako uku, kuɗin mota kuma iyaye suka haɗa jaka bibbiyu, na cika sauran. Yara 14, malamai biyu. Mun bar Garwa bayan asuba, muka bi hanyar Marwa, kusan kilomita 90 zuwa Figil, Bidzar na gaba kaɗan, a ƙasar Gidar. Tun daga Figil za ka ga farar ƙura a kan ganyen itatuwa da manyan motoci ɗauke da dutse.

Wurin ba gini ba ne, kuma na ga fuskokin yara sun faɗi da muka sauka. Falalen mabul ne shimfiɗe a ƙasa cikin busasshiyar ciyawa, fari-fari da ratsin toka da kore. Sai da wani dattijon garin da ya raka mu ya tsuguna ya share ƙasa da tafin hannu sannan muka gani: da'ira, da'ira cikin da'ira, wasu a manne da juna kamar ƙwaryar da aka kife a jere, an sassaƙa su da ƙwanƙwasa ɗigo bayan ɗigo. Da ido ya saba sai ga su ko'ina. Sun kai wajen 500. Wani Bafaranshe mai suna Buisson ne ya fara ba da labarinsu a rubuce a 1933, Alain Marliac ya yi dogon bincike a kansu ya wallafa a 1981, kuma tun 2006 Kamaru ta sa wurin a jerin waɗanda take neman UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta karɓa cikin wuraren tarihi na duniya.

Na ce kowa ya shafa dutsen da bayan yatsa. Sinadarinsa ɗaya da na Taj Mahal. Na nuna musu ƙananan kwararo da ramuka da ruwa ya ci a jikin falalen, aikin ruwan sama na yau da kullum mai 5.6, a hankali, damina bayan damina. Wasu zanen sun yi zurfi, wasu sai rana ta karkata kake ganinsu.

Ina cikin magana na hangi ɗan mai cajin batir ya zaro 'yar kwalba daga aljihu. Khal ne, ya ɓoyo shi daga aji, zai ɗiga a kan da'ira ya ga ko za ta yi kumfa. Ban san lokacin da na daka masa tsawa ba. Ya tsorata, ni ma na tsorata. Da na huce na ɗauko wani gutsuren da ya riga ya ɓalle can gefen hanya na ce ya ɗiga a nan. Ya yi kumfa. Na ce to, da a kan zanen ne, abin da ka cinye ba mai mayar da shi. A raina kuwa na san ni na koya masa, wata biyar ina nuna masa cewa in ka ga dutse ka zuba masa tsami.

Dattijon ya saurari bayaninmu na ruwan sama har ƙarshe, cikin ladabi. Sannan ya ce da Fulatanci, "Malam, ruwa ya daɗe yana sauka a kansu, ga su nan." Ya nuna da sandarsa wajen da ake fasa dutse. Ya nuna sawun shanu a kan wani falale, da baƙin tabon gobarar daji, da inda wani ya kankara sunansa da ƙusa a gefen wata da'ira. Yara suka rubuta duka. A mota da muke dawowa ba wanda ya yi waƙa, barci suka yi, fararen ƙafafu duk ƙura.

Laraba, 12 ga Maris

Azumi, ga zafin Garwa ya haura 40. Mutum bakwai suka zo. Mun zauna a inuwar darbejiya suka mayar da zanen Bidzar a manyan takardu. Na sallame su da wuri.

Laraba, 7 ga Mayu

Ruwan farko ya sauka daren jiya, da iska mai ƙarfi a gabansa. Tun Afrilu na raba musu robobi wankakku da takardar gwaji guda uku-uku, na ce a ɗora roba a kan turmi ko kujera a fili, a auna da zarar ruwa ya ɗauke. Mutum 11 suka kawo sakamako daga unguwanni daban-daban. Ruwan duk ja ne da ƙura. Tara sun samu 6, biyu sun ce tsakanin 6 da 7. Wanda gidansu ke kusa da tasha, inda babura da janareto ba sa hutawa, ya yi ta fatan nasa ya fi na kowa tsami. Shida ya samu, ya zo yana fushi kamar an ci shi a ƙwallo.

Suka ce, to Malam, ashe ba mu da shi. Na ce abin da muke da shi awo ɗaya ne, na ruwan farko, wanda ya fi kowanne ƙura, da takardar da ba ta nuna rabin taki. Ruwan Agusta, lokacin da sama ta wanku, zai iya bambanta. Kuma garin na ƙara motoci kowace shekara.

Laraba, 14 ga Mayu

Zaman ƙarshe kafin jarrabawa. Yara biyar da ba sa tafiya hutu sun karɓi sauran takardun gwaji, za su auna kowane ruwa daga Yuni zuwa Satumba su rubuta rana da unguwa. Yarinyar layin baya ce ke riƙe da littafin.

Mun zaɓi gutsuren mabul biyu na Figil, muka shanya su kwana biyu, muka auna: giram 22.16 da giram 20.73. Na farko mun ɗaure shi da zaren roba a kan rufin ofishin malamai inda ruwa zai dake shi, na biyu yana cikin kabad a kulle. Na rubuta nauyin a littafi, na kuma rubuta a bangon kabad ta ciki don kada littafi ya ɓata. Mai gadi ya yi alkawarin ba zai bari masu gyaran kwano su jefar da na saman ba.

Na mayar wa Baba maƙeri sikelinsa da goro na sefa 500. Ya ce in zo in ɗauka a Oktoba, amma batir ɗin wannan karon ni zan saya.